An dakatar da lasisin ƙanena a Amurka saboda tara: gaskiya yake faɗa mini?

Tambayar ta fito daga wata baiwar Allah a Maraɗi. Ƙanenta yana zaune a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, kuma shi ke riƙe da gidansu. Wata huɗu ke nan ko sisi bai aiko ba. Da ta matsa masa, sai ya ce an dakatar da lasisinsa na tuƙi saboda wata tara da bai biya ba, aikinsa ma ya suɓuce. Hankalinta bai kwanta ba: "Yaya za a yi a hana mutum tuƙi don bashi? Ko dai ya kaɗe wani ne, ko an kama shi da abin maye yake ɓoye mana?"

Hajiya, Allah ya kawo mafita. Abin da ke cikin zuciyar ƙanenki shi da Mahaliccinsa suka sani, amma labarin da ya ba ki ba baƙon labari ba ne. Na daɗe ina yi wa mutanenmu tafinta a kotunan laifukan hanya a nan Amurka, ina kuma taya su cika takardu, kuma irin wannan labari na ji shi har na daina ƙirgawa. Ana dakatar da lasisin mutum a ƙasar nan bai kaɗe ko kaza ba.

A gida, in ɗan sanda ya karɓe wa direba permi ko makullin mota, direban ya san fuskar wanda ya karɓa. Zai bi shi, ya ba da haƙuri, ya kira shugaban tasha ko wani mai faɗa a ji, kafin la'asar an daidaita. A nan babu wanda za a ba haƙuri. Kwamfutar kotu ce ke sanar da kwamfutar hukumar lasisi, wadda ake kira DMV, ita kuma ta buga wasiƙa ta aika adireshin da take da shi. Katin yana nan cikin aljihun mutum da hotonsa, ba wanda ya taɓa shi, amma a cikin na'ura ya mutu. Da yawa ba sa sani sai ranar da ɗan sanda ya tsayar da su saboda fitilar baya ta ƙone.

Dokar jiharsu ta buɗe ƙofa biyu. In an ba mutum takardar laifi bai je kotu ranar da aka sa masa ba, bayan kwana 20 a kai sunansa DMV, a kuma ɗora masa dala 200 na rashin zuwa. In ya je, an yanke masa tara bai biya ba cikin kwana 40, a ƙara masa dala 50, shi ma a kai sunansa. Kwana 60 bayan an aika wasiƙar, dakatarwar ta fara aiki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta da ranar ƙarewa. Wanda aka samu da tuƙi a buge karon farko, a ƙa'ida shekara ɗaya ake raba shi da lasisi. Wanda ya kasa biyan dala 200 kuwa, yana iya shekara goma a haka, domin ba lokaci ake jira ba, kuɗi ake jira.

Ki duba lissafin. Tarar gudun da bai yi yawa ba 'yar kaɗan ce, dala 30 ko 50. Kuɗin kotun da ke biye da ita shi ne dodon, kusan dala 190. Mafi ƙarancin albashi a jihar dala 7.25 ne a awa, kuma tun 2009 yake nan bai motsa ba. Ke nan takardar dala 220 ta cinye aikin awa 30 na mai irin wannan albashi, kafin a cire haraji. In dala 200 ta rashin zuwa ta hau, ya tasam ma awa 60, kusan sati ɗaya da rabi yana yi wa kotu ƙodago. Likita ko injiniyan da ya yi irin wannan gudu a kan titi ɗaya, da katin banki zai biya ta intanet yana shan shayi, gobe ya manta. Na san in an juya dala 220 zuwa sefa a Maraɗi kuɗi ne masu kauri, kuma za ki ce ai mai aiki a Amurka bai kamata ya rasa su ba. Binciken da babban bankin Amurka ke yi duk shekara ya nuna a 2022 da 2023 kashi 37 cikin 100 na manyan ƙasar ba za su iya fitar da dala 400 na gaggawa daga aljihunsu nan take ba. 'Yan ƙasa ke nan. Ƙanenki kuwa gida biyu yake ciyarwa.

Wasu masu bincike na Jami'ar Duke, William Crozier da Brandon Garrett, sun tona bayanan kotunan jihar, suka tarar da fiye da mutum miliyan 1.2 lasisinsu a dakace saboda waɗannan dalilai biyu, kusan ɗaya cikin kowane direba bakwai. Sama da 800,000 daga ciki na rashin zuwa kotu ne. Mai karatu zai ce to ai waɗannan laifinsu ne, an kira su sun ƙi zuwa. Wasu haka ne. Amma na ga yadda rashin zuwan yake faruwa.

Wata safiya a wata kotu, an kira ni in yi wa wani bawan Allah tafinta. Yana sanye da rigar aikinsa ta sito mai ɗigon kore, daga aikin dare ya wuto kai tsaye, idanunsa jajur. Ya riƙe leda cike da takardu, har da rasiɗin aika kuɗi gida da suka cakuɗe a ciki. Muna zaune a benci muna jiran mai gabatar da ƙara ya kai kan sunansa, na zazzage ledar, sai ga ambulan ɗin DMV ba a ko buɗe shi ba, da hatimin gidan waya na shekara biyu da suka wuce. Adireshin ɗakin da ya fara sauka ne, inda su shida suke haya. Ya tashi daga nan tuni, wani ɗan garinsu ne ya tara masa wasiƙun cikin kwali ya ba shi a wajen wani suna. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa kotu tun farko. Ya ce ranar ta faɗo a watansa na biyu a wurin aiki, kuma an gaya masa duk wanda ya yi fashi cikin wata ukun farko ya kama gabansa. Sannan wani ya ce masa in ka shiga kotu ba kuɗi a hannu, daga nan sai gidan yari. Ya zaɓi aiki, ya ce in ya tara zai je. Kafin ya tara, bashin ya riga shi girma.

Daga nan tarkon yake rufewa. Ban da 'yan manyan birane irin su New York, rayuwa a Amurka a kan mota aka gina ta. Kafin korona, kusan kashi 85 cikin 100 na ma'aikata da mota suke zuwa aiki. Sito da masana'antun da mutanenmu ke aiki a bayan gari suke, aikin kuma yakan fara ƙarfe biyar na asuba ko goma na dare, lokacin da babu bas. Babu ɗan kabu-kabu a bakin layi. Masu tasi da masu kai saƙo ta waya kuwa, kamfanin da kansa yake duba lasisi, da ya ga a dakace sai ya rufe wa mutum aiki. Jihar New Jersey ta taɓa sa a bincika mata wannan a tsakiyar shekarun 2000: kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka dakatar wa lasisi sun rasa aikinsu, kashi 45 na waɗannan ba su sami wani ba, waɗanda suka samu ma kashi 88 albashinsu ya ragu. An karɓe wa manomi fartanya, an ce ya kawo dami.

Saboda haka galibi sai su ci gaba da tuƙi. Ƙungiyar hukumomin lasisi ta Amurka da Kanada da kanta ta ƙiyasta kusan uku cikin huɗu haka suke yi. Ba taurin kai ba ne, gaba kura ce baya siyaki. Sai dai gudun da aka yi da farko ƙaramin saɓa doka ne, tuƙi da lasisi a dakace kuwa a Karolina ta Arewa laifi ne da ke shiga kundin masu laifi. Sabuwar ranar kotu, sabon kuɗin kotu, wani lokaci janwe ya ja motar a riƙa ƙirga kuɗin ajiya kullum, inshora ta tashi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Philando Castile, baƙar fatan da ɗan sanda ya harbe cikin motarsa a Minnesota a watan Yulin 2016, 'yan jarida sun bi tarihin tuƙinsa suka ga an tsayar da shi sau 46, tarar da aka ɗora masa ta haura dala 6,000, kuma akasarin takardun ba na ganganci ba ne, na lasisi a dakace da rashin inshora ne. Ya biya, a dawo masa, a sake tsayar da shi, a sake dakatarwa.

Za ki ce me ya kai hukuma ga wannan? Kuɗi. Cikin shekaru masu yawa 'yan majalisun jihohi sun gano ƙara haraji yana kayar da mutum zaɓe, ƙara 'yan kuɗaɗe a kan takardar tara kuwa ba mai yin zanga-zanga a kai. A Kalifoniya tarar dala 100 takan koma 490 bayan an jera mata ƙare-ƙare: na ginin kotu, na asusun wannan, na asusun wancan. Teksas ta ƙirƙiro wani tsari a 2003 don tallafa wa asibitocin gaggawa, inda wanda aka kama ba inshora zai riƙa biyan dala 250 duk shekara har shekara uku, bayan tarar da ya riga ya biya a kotu. Kafin a soke shi a 2019, fiye da mutum miliyan ɗaya ya raba da lasisinsu. Garin Ferguson na jihar Missouri shi ya fi tona asirin abin. Bayan ɗan sanda ya harbe wani saurayi baƙar fata, Michael Brown, har lahira a garin a 2014, ma'aikatar shari'a ta ƙasa ta binciki garin, rahoton ya fito a watan Maris na 2015. Gari ne mai mutum kusan 21,000, amma a 2013 kaɗai kotunsa ta ba da takardun kame sama da 9,000. A cikin rahoton akwai wata mata da ta ajiye mota ba daidai ba a 2007, aka ci ta dala 151. Bayan shekara bakwai ta biya 550, ta kwana shida a tsare, kuma ana binta 541. Ba tarar hanya kaɗai ba ce kuma: tun dokar tarayya ta 1996 jihohi ke dakatar da lasisin uban da kuɗin ciyar da 'ya'ya ya taru a kansa.

Ba na cikin masu cewa a daina dakatar da lasisi kwata-kwata. Mai tuƙi a buge, mai tsere cikin unguwa, mai tara laifi kan laifi, a raba shi da sitiyari, ran jama'a ya fi aikinsa. Kuma gaskiya ne hukuma na buƙatar sanda, in babu abin tsoro wasu masu hali ma ba za su biya ba. Inda na rabu da tsarin shi ne sandar ba ta bambanta wanda ya ƙi da wanda ya kasa. Mai hali da ya ƙi, wasiƙa ɗaya ta ishe shi. Wanda ya kasa, ko wasiƙa ɗari aka aika ba za ta haifar masa da kuɗi ba, sai ma ta toshe hanyar da kuɗin za su biyo. Gwamnatin Kalifoniya da bakinta ta amsa a 2017 cewa ba ta ga wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin dakatar da lasisi da karɓo kuɗin ba, ta daina yin haka saboda rashin biya. Ga ɗan sanda kuma yana ɓata awanni a kan wanda bai yi wa kowa barazana ba. A Finlan tun 1921 tara tana bin samun mutum, har wani babban jami'in Nokia ya sha tarar yuro 116,000 a 2002 don gudu a kan babur. An gwada irin wannan a Staten Island ta New York a 1988, amma bai yaɗu ba.

Kotuna ba su yi abin da aka sa rai ba. Kotun ƙoli ta ce a 1971, a shari'ar Bell da Burson, lasisi na iya zama abin da mutum ke neman abinci da shi, don haka ba a karɓe shi haka kawai. A 1983, a shari'ar Bearden da jihar Jojiya, ta ce ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan tara sai an bincika ko da gangan ya ƙi. Lauyoyi suka haɗa biyun suka tafi kotu. A Virginia, inda wajen mutum 900,000 abin ya shafa, wani alƙalin tarayya ya ba su gaskiya ta wucin gadi a ƙarshen 2018. A Michigan kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2019 dokar jihar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Majalisu ne suka kawo sauyin. Virginia ta mayar wa sama da mutum 600,000 damar tuƙi a 2019, ta soke dokar a 2020. New York ta bi sahu a 2021, ta ba da damar biya kaɗan-kaɗan, kashi 2 cikin 100 na samun wata ko dala 25, duk wanda ya fi yawa. Gamayyar ƙungiyoyin da ta fara yaƙi da abin a 2019 ta ƙiyasta mutum miliyan 11 a lokacin, kuma daga nan jihohi da dama sun sassauta. Lokacin da waɗannan ke sokewa, Karolina ta Arewa ta ci gaba da riƙe tata dokar. Da ƙanenki ƙetaren iyaka yake a Virginia, da wataƙila ba ki rubuto ba.

Yanzu abin yi. Kafin komai, ya ajiye makullin. Na san abin da nake nema a wurinsa ba ƙarami ba ne, amma ga baƙo haɗarin ya ninka na ɗan ƙasa: in aka kai mutum ofishin 'yan sanda aka ɗauki zanen yatsunsa, bayanan suna isa ga hukumar shige da fice. Ya nemi abokin aiki ya riƙa rage masa hanya yana ba shi kuɗin mai. Kada kuma wani ya ruɗe shi da cewa ya je wata jiha ya yi sabon lasisi. Akwai rajistar ƙasa da kowace jiha ke dubawa, sunansa zai fito.

Sai ya nemi takardar tarihin tuƙinsa daga DMV, 'yan daloli ne. Ita za ta nuna kowace ƙara da gundumar da take, domin sau da yawa mutum yana zaton ɗaya ce alhali uku ce a wurare uku, kuma kowace sai an warware ta a kotun da ta fito. In ta rashin zuwa ce, ofishin akawun kotu zai je a sa masa sabuwar rana. Tsofaffin ƙananan ƙararraki, masu gabatar da ƙara sukan janye su, musamman in mutum ya zo da shaidar ya gyara abin da aka kama shi a kai, kamar inshora ko rajistar mota. In ta rashin biya ce, akwai wata gaɓa a cikin dokar da mutane kaɗan suka sani: an yarda mutum ya nuna wa alƙali cewa ba da gangan ya ƙi biya ba, ya roƙi a rage, a yafe, ko a rarraba masa. Kotu na da takarda ta musamman don wannan roƙo. Ya tafi da takardun albashinsa na ƙarshe, da ta haya, da ta sallama daga aiki, har da rasiɗan kuɗin da yake aiko muku. Na ga alƙalai sun yafe bashi gaba ɗaya cikin minti biyar. Na kuma ga waɗanda suka ƙi, amma ba a yafe wa wanda bai roƙa ba. Yana da haƙƙin a ba shi tafinta kyauta, kada kunya ta sa ya ce yana jin Turanci alhali na kasuwa yake ji.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: kada ya ciyo bashi ya je tagar karɓar kuɗi ta kotu ya biya komai don ya huta. Biyan takarda amsa laifi ne. In laifin tuƙi ne da ya faru lokacin da lasisin ke dakace, amsa shi na iya jawo ƙarin shekara guda ta dakatarwa, ya biya kuɗinsa ya sayo wa kansa sabuwar matsala. Ya fara ganin lauya. Ƙungiyar Legal Aid of North Carolina tana taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, kuma a wasu garuruwa, kamar Durham, an yi shirye-shiryen yafe tsofaffin basussukan hanya. In takardun zamansa ba su kammala ba, lauyan ya san haka tun kafin a buɗe baki gaban alƙali. Bayan kotu ta wanke shi, da sauran kuɗin maido da lasisi da DMV ke karɓa daban, kuma sai ya tabbatar a na'ura an buɗe kafin ya tayar da mota.

Amma ke, Hajiya, in kina son hankalinki ya kwanta, ba sai kin titsiye shi ba. Ki ce ya ɗauki hoton wasiƙar DMV ko takardar tarihin tuƙin ya turo miki, ki ba wani mai jin Turanci ya karanta. Akwai layin da ke faɗin dalili ƙarara: rashin zuwa kotu, rashin biya, ko tuƙi a buge. Ba a rubuta ɗaya a madadin ɗaya. In kin ga na kuɗi ne, to ki sani mai yiwuwa abin da ya kamata ya kai kotu tun farko shi ya aiko gida, don na sha ganin haka: mutum ya gwammace hukuma ta bi shi bashi da a ce a gida ya gaza. Ki ce masa kada ya damu da aike na ƙarin wata biyu ko uku, ki faɗa da bakinki, domin shi ba zai iya nema ba. Ki kuma tura shi wurin dattawan 'yan Nijar na Greensboro, suna da yawa a garin, kuma a cikinsu ba za a rasa wanda ya taɓa tsayawa a wannan layin ba. Da kun yi waya, tambayar farko da za ki yi masa ita ce: adireshin da DMV take da shi, na ɗakin da yake kwana ne yanzu?